Ranar da Hoton Neda Ya Fito a Shafin Baya

A Shibenik, garinmu na bakin teku, ba a karanta jarida daga gaba. In ka ga mutum ya buɗe shafin farko yana duba abin da minista ya ce, to baƙo ne, ko kuma yana neman aikin gwamnati. Ɗan gari juya ta yake yi tun kafin ya bar gaban mai sayarwa, ya buɗe shafukan baya, ya bi hotuna ɗaya bayan ɗaya ya ga wa ya riga mu gidan gaskiya. Sai ya tabbatar babu nasa a ciki sannan ya kurɓi gahawarsa. Duk wanda ya rasu, iyalinsa kan sa hotonsa cikin baƙin zane su jera sunayensu a ƙasa. Maƙwabta su sa nasu ban kwanan, abokan aiki su sa nasu, har 'yan ƙungiyar waƙar da suka rabu da shi baram-baram tun yana saurayi. In shekara ta zagayo a sake sawa. Wanda bai sa ba kuwa an gan shi, kuma ba a mantawa.

A bayan kantar da ake karɓar waɗannan sanarwoyi, a jaridar Muryar Gaɓa, Nediljka Perkov ta fara aiki tana budurwa. Ba mai kiran ta da wannan dogon suna, Neda kowa ya sani. 'Yar masunci ce daga tsibirin Zlarin. Yayarta Milka ta zauna a tsibirin tana kula da tsohuwarsu da 'yan itatuwan zaitun, ita kuwa ta shigo jirgin fito da takalmi ɗaya da bakin da ba ya shiru.

Ba zan ce muku waliyyiya ce ba. Tana shan taba kamar direban babbar mota, muryarta ana ji tun daga bakin titi, kuma in ta yi maka tatas sai ka kwana kana tuna abin da ya kamata ka mayar mata. Amma a bayan kantar nan wata mace ce daban. Ita ta fara ajiye kujera da kofin ruwa a ɓangaren masu zuwa. Matar da mijinta ya rasu jiya za ta zaro hoto daga jaka, Neda ta duba ta ce, "Haba inna, wannan ai ya ɗaure fuska kamar an ci masa bashi. Ba ki da wanda yake dariya?" Sai matar ta yi murmushi cikin hawaye ta zaro wani. In 'yan'uwa sun kaure da gardama a kan sunan wa zai zo farko, na suruka ko na ƙanwa, ita ke raba su, kuma hukuncinta bai taɓa dawowa ba. Rabin garin nan a gabanta suka fara faɗin mutuwar nasu da baki.

Daga bayan kantar nan aka mayar da ita sashen talla, daga nan ta zama shugabar sashen. Ta auri wani matuƙin jirgin ruwa mai suna Krsto, suka haifi ɗa guda wanda ya girma ya tafi Jamus neman aiki. Da zuciyar Krsto ta tsaya a wata tashar jirage mai nisa, ita da kanta ta sauko bayan kantar ta rubuta sanarwarsa, ta zaɓi hoton da yake dariya. A shekarun yaƙi shafukan baya suka yi kauri, fuskokin ciki suka koma na samari. A lokacin ne kaɗai ta daina karanta jarida daga baya, don duk uwar da ɗanta ke ciki ta riga ta zauna a kujerar nan a gabanta.

Bayan an sauke makamai kasuwa ta buɗe, aka sayar da jaridar ga wani attajiri mai suna Zvonko Matas, wanda ya yi arzikinsa da siminti da otal-otal. Bai san komai a harkar jarida ba, amma ya san mutane. Ya duba ya ga babu mai kanti a gaɓar nan da bai san Neda ba, sai ya naɗa ta darakta. Tun daga nan aka koma kiran ta shora Neda, kamar yadda ake kiran duk matar da ta isa.

Talla kuwa a zamanin nan, sai wanda ya gani. Mutanen da suka yi shekara da shekaru suna sayen sabulu iri ɗaya ba tare da kowa ya yabe shi ba, sai ga shi an wayi gari kowane shafi yana yi musu ihu. Ɗamarar da ke narkar da tumbi kana barci. Man da ke mayar da sanƙo gashi. Shayin da ya fi asibiti. Tsofaffinmu kuma sun tashi da imanin cewa duk abin da aka buga a takarda gaskiya ne, don haka suka yi ta saye. Da ƙorafi ya yi yawa, sai aka fara raɗe-raɗin gwamnati za ta kafa ofishin da zai duba kowace talla kafin a buga. Tsofaffin 'yan jarida suka sha jinin jikinsu. Ba su manta da mutumin jam'iyya mai jan alƙalami ba, wanda a da yake karanta jarida kafin jama'a su karanta, ya soke abin da bai yi wa gwamnati daɗi ba. Sun san in ya dawo don talla, gobe zai leƙa shafin farko.

Neda ce ta tara su. Ta gayyaci masu jaridun gaɓa da na gidajen rediyo da masu shirya talla zuwa ɗakin baya na wani gidan abinci, ta sa aka gasa musu kifi, don ta san mutanenmu ba sa sauraron gaskiya da yunwa. Cikinsu har da Duje Karaman na jaridar Tauraron Teku, wanda suka shafe shekaru suna ƙwace wa juna masu talla, ko gaisuwa ba ta haɗa su sai a jana'iza.

Abin da ta kawo musu gajere ne. Kada a yi ƙarya a kan magani. Kada a tsorata yara. Kada a yi wa talla shigar labari. Duk wanda talla ta ɓata wa rai, ko mai shara ne, yana iya kawo ƙorafi gaban zauren da su da kansu za su kafa, ba lauya ba kuɗi. Jaridar da aka samu da laifi kuma ita za ta buga hukuncin da hannunta, a shafin da tallar ta fito, da girman da tallar ta fito.

Duje ya zare ƙayar kifi daga bakinsa ya ce, "Wato shora Neda, so kike in sayi bulala da kuɗina, in miƙa miki, in kwanta."

Ta ce, "Ko ka miƙa mini ko ka miƙa wa mai jan alƙalami. Ni dai na san ka, na san matarka, zan sassauta hannu."

Aka yi dariya. Duje bai yi ba. Ya nuna ta da cokali. "To ran da ya faɗo kanki fa? Ran da Muryar Gaɓa ce a gaban zauren?"

"Ranar ka zo da wuri ka samu kujerar gaba."

Ba a daren nan aka gama ba, kada wani ya ce muku haka. Ta yi shekaru tana hawa bas da jirgin fito, tana shan gahawar mutanen da ba sa ƙaunarta, wannan ya sa hannu yau ya janye gobe. Amma a ƙarshe Zauren Mutunci ya tsaya da ƙafafunsa, aka ba ta shugabanci, gwamnati kuma ta ajiye maganar ofishinta a gefe ta zuba ido. Sau biyu hukunci ya faɗa kan Tauraron Teku. Sau biyu Duje ya buga shi yana cizon yatsa, yana jiran ranarsa.

Ranar ta zo da wata safiyar Talata. Neda tana zaune a bakin ruwa inda ta saba shan gahawa, ta juya jaridarta ta baya. Ga hoton Tonka, matar barba Jere, an yi shekara da rasuwarta. Barba Jere (barba muke ce wa dattijo) shi ne tsohon da ke jefa igiyar jirgin fito na Zlarin tun Neda tana 'yar makaranta, shi ya ɗauko mata jaka ran da ta fara zuwa birni. Hawan jini ne ya kayar da Tonka a ɗakin girki. A jikin hoton nata, ba ko tazarar yatsa, ga wani baƙin zane iri ɗaya sak da na mamata. Inda fuskar mutum ya kamata ta kasance, kwalbar wani maganin ɗigo ce ta hawan jini. A ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe: DA SUN SHA, DA BA SA NAN.

Gahawar ta huce a gabanta. Ba ta san da tallar ba. Da ta isa ofis ta tarar Zvonko ne da kansa ya sayar wa mai maganin wurin, a kan teburin otal ɗinsa, na shekara guda cur, ya aiko da ita kai tsaye ɗakin shirya shafuka. Mai maganin ya gano abin da kowane yaro a garin ya sani, cewa nan ne idon kowa ke fara sauka.

Tana cikin neman Zvonko a waya aka ce mata wani tsoho yana ƙasa yana jiranta. Ta sauko ta tarar da barba Jere a kan kujerar nan tata ta da, hularsa a gwiwa, jaridar a naɗe a hannunsa. Ta shirya jin zagi, kuma da ta karɓe shi da hannu biyu. Amma ba faɗa ya kawo shi ba.

Ya ce, "'Yar nan, ke kin yi karatu, kin san waɗannan abubuwa. Faɗa mini gaskiya, kada ki ji tausayina. Da na saya mata, da tana nan?"

Neda ta tsuguna a gabansa, ita da ba ta tsuguna wa kowa.

"Ƙarya ne, barba. Ruwa ne da ganye da sukari. Ko tulu guda ta sha ba abin da zai canja."

"Ai a jaridarku na gani."

"A jaridarmu ka gani, kuma ƙarya ne."

Ya ce tun asuba yake lissafin sau nawa ya wuce kantin magani bai shiga ba. Ya ce ƙwayoyin likita bai taɓa bari sun yanke mata ba, shi yake ƙirga mata su a murfin kwalba. Sannan ya ce abin da ya fi damun sa shi ne ya kasa kallon hoton. In ya kai ido kan Tonka sai rubutun ya ja shi.

Ta ce, "Barba, akwai inda ake kai irin wannan ƙara. Tashi in raka ka."

"Ƙarar wa zan kai?"

"Tawa."

"Ke kin haukace? Ni in kai ƙarar 'yar Perkov? Mahaifinki ya tashi daga kabari ya shaƙe ni?"

"In ba ka kai ba, gobe kusa da matar wani za ta fito. Tashi, ƙafata ta gaji."

Zvonko ya ji labari kafin azahar. Ya kira ta ofishinsa, ya ba ta kujera, har da tambayar lafiyar ɗanta. Mutum ne mai fara'a in yana son abu. Ya ce, "Shora Neda, ke ce shugabar zauren nan. Takarda takan ɓace. Tsoho yakan manta. A aika masa furanni da sunana."

Ta ce, "Ba takarda ba ce, mutum ne, kuma ni na kai shi."

Fara'ar ta ɗauke. Ya ce shi bai hana su wasan alƙalai ba muddin a gidan wasu ake yi. Amma ta saurara da kyau: ran da hukuncin zauren ya fito a jaridarsa, a shafinsa, ranar za ta ajiye masa makullai.

Kada ku ɗauka ba ta ji tsoro ba. Ta ji, sosai. Ta kusa sittin, miji ya mutu, ɗa yana wata ƙasa yana kiran ta ran Lahadi. Gidanta ɗaki biyu ne da ba ta san abin da ake yi a cikinsu da rana ba. Jaridar nan ita ce inda take da suna, inda in ta yi tari ake kawo ruwa. Ta san kuma hanyar tsira a buɗe take: ta ja zaman zauren wata da watanni, ta lallashi mai maganin ya sauya rubutu, a shafa wa kowa lafiya. Sai dai ta san Duje ya buga nasa sau biyu. In ita ta zille, washegari kowa zai zare hannunsa, mai jan alƙalami kuma yana bakin ƙofa.

Ran zaman, Duje ya zo da wuri kamar yadda aka gayyace shi shekarun baya. Ya sa sabuwar riga. Neda ta shigo, ta wuce kujerar shugaba ba ta kalle ta ba, ta je ta zauna a bencin waɗanda ake ƙara, kusa da lauyan mai maganin. Ta ce, "Duje, hau. Ka daɗe kana mafarkin ta."

Ya hau yana murza hannu. "Shora Neda, bencin nan akwai tauri ko? Ni na san shi, akwai wata ƙusa ta hagu, ki yi hankali."

"Na ji ta. Ashe ita ta sa kake tafiya a karkace."

Lauyan ya tashi ya yi ta zuba. Ya ce ba su kira sunan kowa ba. Ya ce baƙin zane ba mallakin matattu ba ne, kowa yana iya amfani da shi. Ya ce fasaha ce ta jan hankali, a manyan ƙasashe har kyauta ake ba wa irinta. Da aka ba barba Jere dama, bai iya dogon bayani ba. Ya buɗe jaridar ya ɗaga ta sama, ya sa babban yatsa ya rufe tallar don kada ya gani. Ya ce, "Ba sai kun kira suna ba, ga ta nan a gefe. Ni dai na zo in gaishe da matata, na tarar an ajiye wani yana gaya mini ni na kashe ta."

Duje ya daina murmushi. Ya juya ga Neda ya tambaye ta ko jaridar tana da abin cewa. Ta miƙe ta ce, "Mun aikata. Sunana ne a kan jaridar, ni ce mai laifi." Ta zauna. Hukuncin da Duje ya karanta bai fi layi shida ba, kuma bai sa masa gishiri ko kaɗan ba, shi da ya yi shekaru yana wasa wuƙa.

Da la'asar ta sauka ɗakin shirya shafuka. Ma'aikatan suka yi tsuru-tsuru, don umarnin Zvonko ya riga ta isa. Ta sa aka cire kwalbar, aka sa hukuncin a gurbinta, daidai da girmanta. Ta ɗauki alƙalami ta sa hannu a kan shafin da manyan baƙaƙe, ta ɗaga murya yadda na bakin ƙofa ma zai ji. "Kowa ya shaida, ni na tilasta ku. Wanda aka tambaya ya ce shora Neda ta yi masa ihu. Ba wanda zai yi mamaki."

Washegari garin ya juya jarida ya ga abin da bai taɓa gani ba, jarida tana faɗin laifin kanta a tsakiyar mamata. Kafin rana ta take Neda ta ajiye makullai a teburin Zvonko. Bai ɗago kai ba. Ta fita ta wajen kantar sanarwa, ta gyara zaman kujerar nan, ta ce wa matar da ke wurin ta riƙa sauya ruwan kofin.

Kwanakin da suka biyo baya sun yi mata ɗaci. Wayar da ba ta hutawa ta yi shiru. Masu kantunan da ke tsallako titi su gaishe ta suka koma duba agogo in sun hango ta, don har yanzu suna buƙatar shafukan Zvonko. Ta daina zuwa bakin ruwa, ta daina sayen jarida. Ta ce wa kanta an yi ta an gama, ashe kujerar ake gaisarwa.

Wata Asabar da safe tana suyar ƙananan kifi, ɗaure da tsohon zanen girki, taba a baki, sai ta ji kuka yana hawowa matakala. Ba kukan mutum ɗaya ba. Kafin ta rage wuta an banko ƙofa. Ga Milka cikin baƙaƙen kaya tun daga kai har ƙafa, bayanta matan Zlarin sun cika matakalar, kowace cikin baƙi, wata da cuku, wata da busasshen ɓaure, biyu suna riƙe da ƙaton zoben furanni. Milka ta buɗe baki za ta kira sunan ƙanwarta ta ƙara rushewa, sai ta gan ta tsaye da cokalin suya a hannu.

Ihun da Milka ta yi, an ce har masunta sun ji a bakin ruwa. Wata tsohuwa ta zube a kan matakala tana kiran sunan Maryamu.

Neda ta ce, "Lafiya? Wa ya mutu?"

Milka ta ce, "Ke! Ke kika mutu, mara mutunci! An kaɗa miki ƙararrawa a coci tun da sassafe, limamin cocin ya sa miki addu'a gobe!" Ta kai mata duka da jaridar da ke hannunta, sannan ta rungume ta har kifin ya soma ƙonewa.

Neda ta ƙwace jaridar ta juya. Ga ta nan a shafin baya, daidai gurbin da kwalbar ta zauna, tana dariya a wani hoton bikin tsibiri. Babu baƙin zane, amma wa ya tsaya duba zane? A Shibenik in fuskarka ta fito a nan, magana ta ƙare. A saman hoton an rubuta GODIYA, irin wadda iyalai kan sa wa likita ko masu ta'aziyya bayan jana'iza, wadda ba a taɓa sa mata hoto ba tun da aka kafa garin. A ƙasa layi biyu: Ga Neda 'yar Perkov, wadda ta gaya mini gaskiya. Jere da Tonka.

Matar da ke bayan kantar ta yi ta roƙon barba Jere kada ya sa hoton mai rai a nan. Ya ce shi so yake kowa ya ga fuskar, kuma a wurin nan yake so, ba wani wuri ba. Sanarwar da aka karɓa a kantar kuwa ba mai kai wa Zvonko ya duba.

Kafin su gama jin wannan, matakalar ta sake cika. Mai gidan burodi da gari a hannunsa. Matan da ta zaɓa wa hotunan mazajensu. Iyayen samarin nan na shekarun yaƙi, waɗanda ta ɗauka sun daɗe da manta sunanta. Ma'aikatan ɗakin shafuka, su da suka san tana raye, suka biyo sahu don kada a yi ba su. Har masu duba agogon nan, ga su da jajayen idanu. Kowa ya shigo da fuskar makoki, ya gan ta, ya daskare, sannan ya fashe da dariya ko kuka ko duka biyun.

Can sai ga Duje yana haki, da baƙin ɗaurin wuya a karkace. Matarsa ce ta kira shi a waya tana kuka, ya taso da mota bai ko buɗe jaridar ba, shi mai jarida guda. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon ta.

Ya ce, "Ko mutuwar ma ba za ki yi ta gaskiya ba? Wannan ai tallar ƙarya ce, sai na kai ki zaure."

Ta ce, "Duje, kuka ka yi?"

"Iska ce. Tagar motar a buɗe take."

Barba Jere ne ya zo ƙarshe, yana murza hula, ya ji ɓarnar da ya yi tun a jirgi. Milka ta taso masa za ta cinye shi ɗanye. Neda ta shiga tsakani, ta buɗe baki za ta yi masa irin tata, sai ta fasa. Ta zauna a kan kujerar girki ta sa zanen a fuska ta yi kuka kamar yarinya, a gaban garin da bai taɓa ganin hawayenta ba ko ran Krsto. Aka yanka cukun makoki, aka buɗe giyar inabin da aka kawo don masu ta'aziyya, aka ci ƙonannen kifin har ƙaya. Zoben furannin ya yi mako a rataye a barandarta.

Ba a mayar da ita aiki ba. Zvonko ba irin mutanen da ke lashe amansu ba ne, kuma ita ba ta roƙa ba. Ba ta sake zama darakta a ko'ina ba. Amma babu wanda ya zare hannunsa daga zauren, maganar ofishin gwamnati ta bi ruwa, kuma a zama na gaba Duje ne da kansa ya kawo sabuwar ƙa'ida, cewa ba talla a shafin mamata, ko ta mai sayar da akwatin gawa ce. Zvonko ya yi ta kumfar baki, daga baya ya sa hannu, don babu mai kantin da ke son a gan shi a wurin kuma. Neda ta riƙe shugabancin zauren har gwiwoyinta suka ƙi hawa bas. Mu da muke buɗe shafin nan kowace safiya mu tarar da namu cikin mutunci, mun san wa za mu gode wa, ko da yawancin yaran yanzu ba su san an taɓa yin wani abu daban ba.

Da ranar rasuwar Tonka ta sake zagayowa, tana zaune a bakin ruwa, sai ga barba Jere yana tafe a hankali da jarida a hammata. Ya ja kujera ba a ba shi ba, ya shimfiɗa shafin baya a gabanta. Ga Tonka. A gefenta kuwa, ba kwalba ba rubutu, sai hoton wata tsohuwa mai suna Marica, maƙwabciyarsu da suka yi rabin rayuwa suna faɗa da Tonka a kan reshen ɓauren da ya tsallaka katanga.

Neda ta ce, "Kai, barba, an haɗa su. Yau ba mai barci a maƙabarta."

Ya yi dariya har da tari. "Bar su, sun saba. Tonka ba ta jin daɗin wuri in ba abokin faɗa." Ya sa hannu ya shafa takardar ya daidaita ta, idonsa a kan fuskar matarsa, ba yatsan da ke rufe komai.

Ya ce, "Na gode, 'yar nan. Bana na iya kallon ta."